Jakar Wayoyin Kambo

Ni ban iya yankan riɗi ba, gara in faɗa tun da wuri. Kaka ta biyu bayan yaƙi ya kore mu daga Hartum, ina Gadarif wajen dangin mahaifiyata, mu bakwai a ɗaki biyu, ba aiki ba makaranta. Da safe in fita in zaga kasuwa, ban saya ba ban sayar ba, in dawo in kwanta, in tashi, in sake fita. Mahaifiyata ta ce ko kaza mai neman wurin ƙwai ta fi ni natsuwa. Ran da kawuna ya ce akwai lori mai kwasar ma'aikata zuwa gonakin riɗi wajen Ƙala'at an-Nahal, ban tsaya tambayar komai ba na haye.

Aka sauke mu a kambo, wato sansanin ma'aikata: bukkokin ciyawa a bakin gona, maza wajen arba'in, tukunya ɗaya. Aikin shi ne ka sunkuya tun asuba da lauje, ka yanka, ka ɗaure, ka jingina damman a tsaye su bushe, kuma da sauri, don riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, fashewa yake yi ya zube ƙasa. Mutanen da ke gefena suna tafiya kamar ana jan su da igiya, ni kuwa kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo. Suka laƙaba mini "hannun biro". Na ji haushi ƙwarai, amma ba ni da bakin musu, layina kullum shi ne na baya.

A bayan kambon akwai dutse, jabal kamar yadda ake cewa a can. Ba wani babba ba ne, manyan duwatsu ne baƙaƙe aka jibga kan juna, da 'yan itatuwa a tsakani da birai masu rainin hankali. Amma ni tun ranar farko idona na kansa, saboda ni a wajen kaina mahayin dutse ne.

Dole in yi bayanin wannan. Kafin yaƙi muna da gurub a waya, samari da 'yan mata masu son hawan dutse, yawancinmu ɗalibai. Ranar Juma'a a haɗu a tafi Sabaloka a hau a sauko. Ni sau biyu kacal na bi su, na biyun ma a rabin hanya na tsaya ina ɗaukar hoto. Amma a cikin gurub ɗin ba wanda ya kai ni surutu. In an kawo maganar igiya ina da ta cewa, in takalmi ne ina da ta cewa, duk daga kallon bidiyo. Da yaƙi ya watsa mu gurub ɗin bai mutu ba. Wani yana Alƙahira, wani Fort Sudan, wasu ba a san inda suke ba. Sai tsofaffin hotuna ake ta maimaitawa, ana gardamar ƙullin da ya fi riƙo alhali ba mai igiya a hannu. Shugabanmu, wanda ke Alƙahira, ya ce yana cika jaka da littattafai ya hau benen da suke haya sau goma kowace safiya, kada ƙafarsa ta manta.

A kambo babu shabaka, wato sabis ɗin waya, ko ɗigo. Wani makiyayi ne ya gaya mini cewa a can ƙololuwa waya tana kamawa. Juma'ar farko, da aka tashi aiki da azahar, na saɓa ƙafa na nufi dutsen ni kaɗai. Hanyar ba wuya har kusa da sama, inda akwai wani falalen dutse mai santsi, a karkace kamar rufin kwano, tsawonsa ya kai na mutum huɗu ko biyar, ga tsaga ɗaya siririya ta ratsa shi. Ƙasansa kuma rami ne da duwatsu masu kaifi. Na haye da rarrafe ban yi tunanin dawowa ba. Tun ina kan falalen wayata ta hau kuka, saƙonnin mako guda suna shigowa a jere.

Na ɗauki hoton gonakin daga sama na tura gurub. Ban taɓa ganin sun farka haka ba. Cikin su duka ni kaɗai ne ke da dutse a ƙarƙashin ƙafa, sai wata guda ɗaya, 'yar Kasala, wadda ta girma a gindin duwatsun garinsu kuma ta koma gida da aka fara yaƙi. Ita ba ta cika magana ba. Kowa yana yabo, ita kuwa ta rubuto tambaya ɗaya: ta ina za ka sauka? Na leƙa falalen daga sama, na rubuta mata cewa ban sani ba.

Ita ta sauko da ni ranar. Ta sa na ɗauko mata hoton wurin, ta ce in juya in fuskanci dutsen kamar mai sauka daga tsani, kada in zauna in zame da gindi. Gaɓoɓi uku su riƙe, ɗaya kawai ya motsa. Yatsu cikin tsaga, ƙafa ta lalubo wurinta kafin a saki hannu. Na karanta sau uku, na sa wayar a aljihu, na sauka ina karanta duk addu'ar da na sani. Da na sake hawa ta ji cewa a aljihun gaba na sa wayar, ta yi mini faɗa. Ta ce a kan falale ba a barin komai a hannu ko a aljihu, domin abu in ya zame mutum ba ya shawara, hannunsa ne zai bi shi. Komai cikin jaka, jaka a ɗaure a baya. Na ce mata na sani. Ta ce to.

Labarin shabaka ya zaga kambo. Mutum na farko ya kawo mini wayarsa, ya ce ya yi wa matarsa saƙon murya, in na hau zai tafi da kansa. Juma'a ta gaba wayoyi tara ne, ta gaba sun fi ashirin, har da ta wakilin gonar. Kowa ya yi caji a 'yar solar wakili, ya yi maganarsa a ƙasa, ya naɗe wayarsa cikin safa ko tsumma, ya miƙo mini. Ni in zuba a tsohuwar jakar makarantata in hau, in shimfiɗa su a kan dutse kamar mai shanyar kuɓewa, in kunna, na fita su fita, na shiga su shiga. In na sauko ana tsaye ana jirana a gindin dutsen. Sai ga layina na yanka ya daina zama na baya, wannan ya ci mini taku goma, wancan ya ɗaure mini dami. Ba a sake cewa hannun biro ba. Na samu abin da na iya, kuma kaina ya kumbura yadda ya kamata.

A sama kuwa, yayin da wayoyin ke shan shabaka, ni ina gurub. Sun sa wa falalen suna, sun zana hanyar a kan hotona da jan layi, suna gardama ko tsagar ta fi kyau da hagu ko da dama. Mutanen da ke zaune a ɗakunan haya a ƙasashe uku duk ta ƙafata suke hawa. Wani ya koya mini yadda ake gane dutsen da zai ɓalle ta ƙarar da yake yi in an ƙwanƙwasa, wata ta ce in riƙa yin tafi kafin in sa hannu a rami saboda maciji. Ni ma na riƙa ba su abin da makiyayin ya gaya mini, ina yi kamar ni na gano.

Cikin wayoyin akwai ɗaya da ba ta karɓar saƙon murya, ƙarama mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Ta wani dattijo ce, Bahaushe daga wajen Basunda, wanda ya tsufa a aikin gonakin nan. Gwiwarsa ta hagu ta lalace, don haka ɗaurin dami yake yi a zaune. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Yana da ɗa ɗaya namiji a wani ƙauye a jihar Jazira, yana aikin gidan burodi, kuma tun da faɗa ya isa can bai ji muryarsa ba. Kullum sai ya ba ni wayar, ya ce, "Kunna ta kawai, ɗana. In Allah ya so ta yi magana, za ta yi."

Wata Juma'a ta yi. Ina cikin rubuta wa gurub wata ƙarya game da biri, sai na ji wani tsohon kiɗa mai ƙara kamar na mai sayar da alawa. Na ɗauka.

"Baba?"

"Ba shi ba ne. Ni ke hawo masa da talafon, shabaka sai kan jabal."

Ɗan Baba ne, muryar tana zuwa tana ɗaukewa. Ya ce in gaya wa Baba sun fita, shi da matarsa, da ƙafa. Ya ce talafon ɗin na wani zol ne, wato wani mutum, ara ya yi, ba zai daɗe ba. Ba su san inda za su tsaya ba tukuna. In sun isa wurin da mota ke zuwa zai sake bugowa ya faɗi sunan wurin, Baba ya turo ƙanensa mai lori ya ɗauke su.

"Yaushe ake samun ka?" ya tambaya.

"Juma'a, daga asar zuwa kusan magariba."

"Halas, shi ke nan, Juma'a bayan asar. Ka riƙe talafon ɗin, don Allah. Ba kullum zan samu aro ba."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, a hannuna take. Da bakina na faɗi haka.

Da na kawo wa Baba labarin, ya sa na maimaita masa kowace kalma har sau uku. Daga ranar mako ya zama abu ɗaya a wurinsa, kuma a wurina. Yana ɗaure dami yana kallon dutsen. Ni kuma na kasa barcin rana, na kasa zama wajen cin tuwon asida, in ci loma biyu in miƙe. Juma'ar da ta biyo na hau tun kafin la'asar, na zauna da wayarsa a tafin hannuna har rana ta yi ja. Shiru. Na buga lambar da aka kira da ita, a kashe. Ta biyu ma haka. Kowane karo in na sauko sauran suna wawar wayoyinsu, shi yana gefe a jingine da sandarsa, ba ya tambaya, fuskata kawai yake dubawa.

Juma'a ta uku aka tashi da zafi mai nauyi, iska ko motsi ba ta yi. Damina ta riga ta yi sallama, amma tsofaffin kambo suna ta duban gabas, don ruwan ƙarshe shi ne abokin gabar riɗin da aka jingina. Na hau, na shanya wayoyi, na zauna. La'asar ta yi. Can ta wajen Habasha hadari ya fara haɗuwa, ƙasansa baƙi ƙirin, samansa fari kamar auduga. Ya yi kyau, shi ya sa na ɗauka na tura gurub. Yabo nake nema.

'Yar Kasala ce ta fara amsawa. Ta ce in tattara in sauka yanzu.

Na ce mata ina jiran kira, duk sun san labarin Baba. Shugaba ya ce hadarin yana da nisa, a ganinsa ina da sa'a guda. Wani ya ce rabin sa'a. Wani ya turo taswirar yanayi da ba ta san akwai Ƙala'at an-Nahal a duniya ba. Mutum goma sha wani abu suna auna mini hadari daga hoto ɗaya. Ita kuwa ba ta shiga gardamar ba. Ta ce irin wannan dutsen in ya jiƙe sabulu ne, falalen ba ya saukuwa da ruwa, kuma ni ne abu mafi tsawo a kan ƙololuwa in aka fara tsawa. Ta ce ta taɓa raka gawa daga kan dutse, ba ta son ta sake.

Na yi ta tashi ina zama. In dubi wayar Baba, in dubi gabas. Na ba kaina minti goma, suka ƙare, na ƙara biyar. Sai iska ta taso mai sanyi da ƙamshin ƙasa, birai suka watse, tsawa ta yi gurnani ba nisa. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, ba na hoto ba. Na kashe wayoyin na zuba a leda. Ta Baba ce ta ƙarshe a hannuna. Na sa ta a aljihun riga, sannan na tuna faɗan da aka yi mini, na ciro ta na tura cikin ledar a kunne, na ƙulle, na zuge jaka, na ɗaure igiyarta a ƙirjina tamau. Na yi komai daidai yadda aka koya mini.

Ina tsakiyar falalen, fuskata a dutse, yatsuna cikin tsaga, ɗigon farko ya faɗo mini a wuya. A daidai lokacin kiɗan mai alawa ya tashi a bayana.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Wayar tana tsakanin kafaɗuna, ina jin kaɗawarta a ƙashin bayana, kuma ba ni da hannun da zan kai mata. In na saki dama, hagu kaɗai ba zai riƙe ni ba. Ko na saki ɗin ma, sai na kwance igiya, na juyo da jaka, na zuge, na warware leda. Na yi ihu ni kaɗai, "Jira, jira," kamar yana ji. Ta yi kiɗanta har ƙarshe ta yi shiru.

Akwai wani ɗan tudu a falalen, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa ba, taku biyu ƙasa da inda nake. Na sha tsayawa a kansa in huta. Har yau ina tambayar kaina ko da na tsaya a nan na kwance jakar, da na samu kira na biyu. Ban tsaya ba. Ɗigon ya fara yawa, dutsen ya fara duhu, ƙafata ta taka tudun ta wuce. Ban sani ba ko dokar na bi ko tsorona, kuma ba na so in yi wa kaina ƙarya in ce na sani. Kiran na biyu ya shigo saura mini taku kaɗan. Na yi sauri har na kusa zamewa. Ƙafata tana taɓa ƙasa, kiɗan ya yanke a tsakiya, domin a nan shabakar take ƙarewa.

Na yage ledar da haƙori. Kira biyu da ba a ɗauka ba, baƙuwar lamba. Na ɗaga wayar sama, na hau kan wani dutse, na miƙa hannu, babu ko layi ɗaya. Sai na ajiye jakar, na kama wayar da baki, na koma falalen. Ruwan ya riga ya sauko sosai. Taku uku na yi na zamo, na sake na zamo, karo na uku na bar fatar gwiwoyina a jikin dutsen. Na zauna a ƙarƙashin wani kogo ina zagin 'yar Kasala, ina zagin gurub, ina zagin kaina da na turo hoton tun farko. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

A hanyar sauka na buɗe wayar na kai yatsana kan wurin gogewa. In na share, Juma'ar nan ta zama kamar biyun da suka wuce, ba wanda zai sani. Na daɗe a tsaye a haka cikin ruwa. Abin da ya hana ni ba kirki ba ne, lissafi ne: in na goge, lambar ta tafi.

A kambo ba wanda ke jirana, duk sun ruga gona suna jan tamfol kan riɗin da aka riga aka kakkaɓe. Baba kaɗai ne a bakin bukka da buhu a ka. Na miƙa masa wayar na ce, "An buga, Baba. Sau biyu. Ban ɗauka ba."

Ya dube ni. "Ina take?"

"Cikin shanta, jakar nan tawa, a bayana. Ina kan falale."

Ya juya wayar a hannunsa, shi da ba ya karatu, ya kalli lambar. Sannan ya kalli gwiwoyina. Na jira ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Je ka wanke ciwon nan da ruwan gishiri." Ya shiga bukka. Ranar bai fito cin abinci ba.

Washegari Asabar ce, ranar aiki, wakili yana ta faɗa kan riɗin da ya jiƙe. Ban ko kalle shi ba. Rana tana busar da dutsen na hau da wayar Baba da tawa, gwiwoyina suna buɗewa a kowane taku. Na buga lambar. Ta shiga.

Wani mutum ne mai 'yar rumfar shayi a bakin hanya, ya faɗi sunan wani ƙauye da ban taɓa ji ba, wajen kogi. Ya ce ƙwarai, jiya bayan asar wani saurayi ya roƙi talafon, ya buga sau biyu ba a ɗauka ba. Ya zauna ya jira ko za a bugo, har wajen magariba. Sai wata babbar mota ta tsaya tana kwasar mutane, aka ce wanda bai hau ba sai wani makon, suka hau.

"Ina ta nufa?"

"Wallahi ya zol, ban sani ba. Wasu sun ce gabas, wasu sun ce arewa. Motocin nan inda hanya ta buɗe suke bi."

"Bai bar saƙo ba?"

"Ya ce in an bugo in ce suna lafiya, su ukun."

"Su biyu ne."

"Uku. Matar tana ɗauke da jariri, ɗanye shar, a hanya ta haihu."

Na yi masa godiya na kashe. Abin da ya kamata in yi shi ne in zauna in yi tunanin me uba zai so ya sani, in sake bugawa tun mutumin yana kusa da wayarsa. Ni kuwa sai na buɗe gurub. Cikina cike yake tun jiya, na juye musu shi duka. Na ce dokokinsu na mutanen da ke hawa don nishaɗi ne, na ce mai zaune a ɗaki ba ya koya wa na kan dutse. Na ambaci 'yar Kasala kai tsaye na ce ita ta sa na rufe wayar a jaka. Shugaba yana ba da haƙuri, wasu suna kare ta, wasu suna kawo dabarar ɗaure waya a kafaɗa da igiya, dabarar da ba wanda ya tuna da ita jiya. Ita ta bari sai da na gaji, sannan ta rubuto cewa ta yi baƙin ciki, kuma in aka maimaita jiya abin da za ta ce ke nan. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na fi rabin sa'a ina bugun maɓalli kafin na sauka.

Baba yana zaune wajen damman, igiyar ciyawa a hannu. Na durƙusa na faɗa masa yadda aka yi, ban rage ba: suna raye, sun hau mota, ba a san inda ta nufa ba, maganar lori ta ƙare. Ya gyaɗa kai a hankali. Sannan na ce, "Kuma matar ta sauka a hanya. Ka yi jika."

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Bai san tana da ciki ba. Ya rufe fuska da tafuka ya yi hamdala, ya daɗe a haka, da ya buɗe idonsa jawur yana murmushi. Ya kama hannuna.

"Mace ko namiji, ɗana?"

Ban tambaya ba. Kunyar da na ji a lokacin ta fi ta jiya, domin jiya hannuwana a kan dutse suke, yau kuwa a sake suke, na san abin da na yi da su.

Na karɓi wayar na sake hawa da tsakar rana, dutsen yana ƙona tafin hannu. Mai shayin ya ɗauka a bugu na huɗu. Ya ce shi bai duba ba, jaririn a naɗe yake cikin tob, mayafin uwar. Matarsa ce ta karɓe shi ta riƙe da uwar za ta sha ruwa, ita za ta sani, amma ba da jimawa ba ta bi wata mota zuwa wajen 'yan uwanta, kuma ba ta da waya. Ya ce da na tambaya ɗazu tana nan a gefensa.

Na sauko da wannan ma na faɗa wa Baba. Ya ce ba komai.

Bayan la'asar, da aka idar da salla a filin kambo, ya ce jama'a su ɗan dakata. Ya kwance wani ƙullin tsumma da yake ajiye da shi a ƙasan jakarsa, dabino ne busasshe, bai fi cikin hannu uku ba. Ya ce an yi masa jika, bai san ranar ba, bai san wurin ba, bai san sunan da za a sa ba, amma yana roƙon a yi addu'a. Aka ɗaga hannu aka shafa. Ya bi sahu da sandarsa yana ba kowa ɗaya, inda bai kai ba a raba biyu, ana ce masa Allah ya raya. Ni na koma can ƙarshe ina fatan ya ƙare kafin ya iso. Da ya zo kaina ya sa hannu a aljihu ya ciro guda biyu da ya ware, ya danƙa mini.

"Naka ne," ya ce. "Kai ka ji muryar ubansa."